Ranar da aka ce jinina bai haɗu da na Malam ba

A lokacin shekara 23 ke nan muna tare da mijina Malam, 'ya'yanmu biyar, ko maƙwabcinmu na jikin katanga bai taɓa jin kanmu ba. Sai ga takarda mai shafi huɗu daga wani ɗakin gwaje-gwaje a Indiya, aka karanta mana ita a ofishin likita. Kafin mu iso gida magana ta riga mu, ta kuma canza riga a hanya. Abin da ya isa kunnen surukata shi ne wai likitoci sun gano jinina bai haɗu da na ɗanta ba. Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi idan aka ce jinin mutum biyu bai haɗu ba. Da daddare ta aika a kira Malam, ta tambaye shi ko akwai abin da muke ɓoye mata duk shekarun nan.

Hawan jini ne mafarin ciwon ƙodar da ya kai mu ga wannan takarda. Tun cikina na huɗu ya fara, a na biyar na yi jijjiga aka fita da ni ban san inda kaina yake ba. Daga nan aka ɗora ni a kan magani, ina sha ina bari kamar yadda yawancinmu ke yi, da zarar kai ya daina sarawa sai a tura kwalin bayan madubi. Bayan shekara 8 da haihuwar ƙaramarmu ƙafafuna suka kumbura, abinci ya daina zama a cikina, aka auna aka ce ƙodojin duka biyu sun ƙanƙance, sai wankin ƙoda a kan inji. Ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu-huɗu. Aljihunmu sau biyu ya iya, wani makon ma ɗaya.

Mai ciwon ƙoda jininsa kullum ƙasa yake yi, domin ƙodar ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Akwai allurar da ke maye gurbinsa, sai dai tsada gare ta, kuma sai an yi makonni ake ganin aikinta. Ƙarin jini ya fi sauri: a kira ɗan uwa ya bayar, a rataya leda, washegari ka ji kamar an zare maka ƙaya. A shekarata ta farko a kan inji leda 6 aka ƙara mini. Babu wanda ya gaya mini cewa kowace leda tana iya barin sawu a jikina, ni ma ban san abin tambaya ba ne.

Da kuɗin wanki ya fara cin fili da awaki, aka zauna maganar dashe. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun shekarar 2000 aka yi na farko a asibitin St. Nicholas da ke Legas, a 2002 kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa. Amma mu ba mu da tsarin da Turawa ke da shi na jiran ƙodar mamaci, sai dai mai rai ya ba ka tasa, kuma dokar lafiya ta 2014 ta hana saye da sayarwa. Ba a gama rufe baki ba Malam ya ce, "Ai magana ta ƙare, ni zan bayar." Rukunin jininsa O ne, nawa B, kuma mai O yana ba kowa. Gida ya ɗauki murna. Wata gwaggona har da ƙarin hujja, wai ai shi AA ne, jininsa mai kyau ne. Ta haɗa rukunin jini da jinotayif ɗin da ake aunawa kafin aure saboda sikila, ta dama su wuri guda. Na yi mata dariya a lokacin, ban san ni ma akwai na uku da ban taɓa jin sunansa ba.

Sunansa HLA. Likitan ƙodar, wani dattijo marar gaggawa da ke kirana Malama, ya ɗauki biro ya fara zane a bayan katin asibiti, ni kuma da na koma gida na fassara wa kaina shi da tsagar gado. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da tsaga a fuskarta, garkuwar jiki kuma da ita take gane ɗan gida da baƙo. Rabin tsagar daga uba take zuwa, rabi daga uwa, a dunƙule, a kan kuromosom na 6. Iri-irinta suna da yawa, amma waɗanda aka saba ƙirgawa su ne A da B da DR, biyu-biyu, shida ke nan, sai C da DQ da DP da yanzu ake dubawa su ma. Tawa takardar ta ce A23, A30, B45, B53, DR7, DR13. Likita ya ɗora yatsa a kan B53 ya ce wannan tamu ce ta Afirka ta Yamma, kuma wani bincike da aka yi a kan yaran Gambiya a 1991 ya nuna masu ita sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Na ji wani ɗan alfahari marar dalili.

Ni malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata, don haka da na ga lambobi sai na ɗauka na shigo gonata. Na ɗora takardar Malam kusa da tawa na ƙirga: guda ɗaya kacal muka yi tarayya cikin shida. Ɗaya bisa shida, a ajina wannan faɗuwa ce warwas. Gabana ya faɗi. Likita ya ce in kwantar da hankalina, da magungunan yau ƙodar mai rai tana zama lafiya ko da babu tarayya ko ɗaya, miji da mata da yawa sun yi an zauna lafiya. Ya ce ba wannan shafin ne ya dame shi ba, sai ya juya zuwa na uku.

Shafi na uku dogon jeri ne na lambobi, daga babba zuwa ƙarami, an ja wa na sama layi da ja. A2 ne a kan gaba, da 11,400 a gabansa. A69 da A68 na biye da shi, kowanne da dubbai. Can ƙasa sauran suka koma ɗaruruwa da gomomi. Sai ya koma shafin Malam ya nuna mini tsagarsa ta farko: A2.

Abin da wannan shafi ke aunawa shi ne antibodi, wato makaman da garkuwar jikina ta riga ta ƙera ta ajiye don wata tsaga ta musamman. Jiki ba ya ƙera su haka kawai, sai ya taɓa haɗuwa da tsagar baƙo, kuma hanyoyin da aka sani uku ne: ƙarin jini, ko dashen da aka taɓa yi, ko ciki. Ni na haɗa biyu. Jaririn da ke cikin mace rabin tsagarsa ta ubansa ce, jininsu kuma yakan ɗan cakuɗa, musamman wajen haihuwa. Ba kowace mace ke ƙera makaman ba, amma yawan haihuwa yana ƙara yiwuwar hakan, kuma yawanci ba sa cutar da jaririn, suna nan dai a ajiye. Haihuwa biyar da ɓari ɗaya, sau shida ke nan jikina yana karanta rabin tsagar Malam. Sai kuma aka zo aka zuba leda 6 ta jinin mutane daban-daban, A2 kuwa tana cikin tsagogin da suka fi yawa a duniya, da wuya a ce babu mai ita a cikinsu. Kamar an tashi mai gadin da ya fara gyangyaɗi ne.

Daga baya, ina kwance a kan inji ina latsa waya don awannin su wuce, na karanta cewa da jinin mata irina aka gano yawancin wannan ilimi. Jean Dausset na Faransa ya bayyana tsaga ta farko a 1958 daga jinin waɗanda aka yi wa ƙarin jini da yawa, kuma ita ce daga baya aka sa wa suna A2. A shekarar ce Rose Payne a Amurka da Jon van Rood a Holan suka gano irin waɗannan makamai a jinin matan da suka haihu. Na gaya wa matar da ke gadon kusa da nawa, mai 'ya'ya tara, ta ce to Allah ya sa su biya mu ladan.

Malam bai yarda da takarda ba. Ya ce, "Likita, na'ura fa tana kuskure. A haɗa jinin a gani." Dama za a haɗa. Wannan shi ne gwajin da ma'aikatan ke kira kurosmach, kuma ya fi kowanne daɗewa. Ana ɗiban ruwan jinina, a ɗebi fararen ƙwayoyin jininsa masu rai, a zuba su tare a wani ɗan faranti mai ƙananan ramuka, a ƙara wani sinadari da ake samu daga jinin zomo, a sa rini, sannan a leƙa ta madubin likita a ƙirga ƙwayoyin da suka mutu. Idan makamaina sun kama ƙwayoyinsa, sinadarin zomon zai huda su, rinin ya shiga. Tun da ƙwayoyin sai da ransu ake so, da sassafe aka ɗebi jinin aka ruga da shi filin jirgi a cikin kula.

Bayan kwana uku sakamako ya fito, an rubuta fozitif a layin ƙwayoyin T da na B duka, wato iri biyu na fararen ƙwayoyin jinin da aka gwada. Malam ya washe baki, shi a saninsa an dace ke nan. Sai da nas ta sunkuyar da kai sannan ya gane. A wannan gwaji fozitif na nufin jinina ya kashe ƙwayoyinsa.

Likita ya ba mu tarihin abin a taƙaice, ina jin don Malam ya daina ganin kamar ra'ayinsa ne shi kaɗai. A 1969 wasu masu bincike biyu a Los Angeles, Patel da Terasaki, sun bi diddigin dashen da aka yi. Cikin 30 da gwajin haɗin ya nuna fozitif, ƙoda 24 suka mutu nan take. Cikin 195 da bai nuna ba, 8 ne kawai. Ya ce irin wannan ƙin, likitan fiɗa yana tsaye yake ganinsa: a saki jini ya shiga sabuwar ƙoda, ta yi ja na 'yan mintoci, sai ta fara duhu ta yi laushi, jini ya daskare a ƙananan jijiyoyinta, dole a cire ta. Mai bayarwa ya yi asara, mai karɓa ya koma inji da makamai fiye da na da.

"To ba a wanke su?" in ji Malam. Ana yi. Akwai injin da ke tace ruwan jini ya fitar da makaman, a bi da wani ƙarin ruwa mai tsada da ake kira IVIG, da allurar rituksimab. Amma masana'antar da ke ƙera su tana cikin ɓargo, ka kwashe yau ta sake zubowa, kuma ga wanda ƙarfin nasa ya kai ya kashe ƙwaya a faranti, haɗarin da kuɗin duk sun yi yawa. Ya ce a Amurka da Indiya da Holan akwai tsarin musaya, mijin wata ya ba ni, mijina ya ba ta. A nan sai dai a yi ta cigiya. Shawararsa ita ce a duba cikin dangi tukuna.

A mota Malam bai ce uffan ba har muka wuce shataletale biyu. Can ya ce, "Ashe ni na ja miki." Na ce masa in dai laifi ne to mu biyu muka yi shi, kuma ga su can gida su biyar suna jiran tuwo. Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Daren nan ne surukata ta kira shi. Washegari na je da kaina na durƙusa na yi mata bayani da tsagar gado, na ce, "Inna, jikokinki ne suka koya wa jinina fuskar babansu." Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai a zamaninsu ba a tone-tonen nan. Amma ta bar maganar.

Akwai wata lamba a shafin farko da ta hana ni sukuni kwana biyu: cPRA, kashi 58 cikin ɗari. Na ɗauka ma'anarta dashen zai lalace kashi 58. Ba haka ba ne. Kwamfuta ce ke ɗaukar jerin tsagogin da nake da makami a kansu ta lissafa mutum nawa cikin ɗari ke ɗauke da aƙalla ɗaya daga ciki. Wato in aka tara mutum ɗari, 58 ba za su iya ba ni ba. Masu sama da 80 su ake kira masu wahalar samu. Lissafin ma da tsagogin mutanen wata ƙasa aka yi shi, ba na Hausawa ba. Ga mai jiran layin ƙodar mamaci lambar tana da nauyi sosai. Ni da ke neman mutum ɗaya a cikin dangi, tambayar da ta rage ita ce ko ina da makami a kan tsagar wannan mutumin da ke zaune a gabana. In akwai, shi ake kira DSA. Haruffa ukun nan su suka zama abin da nake fara nema a kowace takarda.

Babban ɗanmu, wanda kunya ba ta barina in kama sunansa, ya same ni a kicin ya ce, "Umma, ni fa?" Shekararsa 21. Na hana, ya je ya kai jininsa ba da sanina ba. Ɗa da uwa kullum suna tarayya a rabi, uku bisa shida, wannan ba ya canzawa. Amma ɗaya rabin na ubansa ne, kuma a nasa rabon A2 ta faɗo. Wataƙila ma shi ne malamin farko da ya koya wa jinina darasin. Likita ya ce ko da ɗaya ɓangaren uban ya gado, zai yi taka-tsantsan, domin jiki yana da ƙwayoyin tuni da ba sa fitowa a takarda, suna kwance sai sun sake ganin tsagar su farka cikin kwanaki. Allah ya sani, ranar ce kaɗai na yi farin ciki da mummunan sakamako.

Gidanmu mu 14 ne a wurin mahaifinmu, amma ɗakinmu mu huɗu ne, ɗaya ya rasu. A nan lissafina ya yi amfani. Shaƙiƙai uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya bisa huɗu su dace gaba ɗaya, rabi su dace a rabi, ɗaya bisa huɗu su saɓa gaba ɗaya. 'Yan uba kuwa iyakarsu rabi, shi ma canki-canka. Gwajin mutum ɗaya ya fi albashina na wata biyu, da dala ake lissafa shi, saboda haka ba mu da halin auna kowa. Aka fara da 'yan ɗakinmu.

Yaya Babba ta dace da ni a rabi, ba ta da A2, muka fara hamdala. Sai ga A68 a ɗaya rabin nata, ni kuma ina da 6,200 a kanta. Na ce wa likita ban gane ba, Malam ba shi da A68, yaran ma haka. Ya ce makamin ba ya kallon fuskar gaba ɗaya, wani ɗan yanki yake kamawa, kuma A2 da A68 da A69 suna da yankin da suka yi tarayya a kai. Kamar wanda ɓarawo mai bille a kumatun hagu ya taɓa yi wa sata ne, duk mai irin billen ya shigo layin sai ya ɗauko sanda. Yaya ta yi kuka har da majina, ta ce ita da ta goya ni.

Saura Auta, tela ne, yana da mata da yara biyu. Shi ma rabi muka dace. Na karɓi takardarsa da hannu yana rawa, na bi tsagoginsa ɗaya bayan ɗaya ina nema a jerina. A33, babu komai. B35, babu. DR11, babu. Sai DQ7, na gan ta can ƙasa a shafin, 870.

Lambar nan ta ci mini mako uku. Sunanta MFI, kuma sai da na fahimci yadda ake samunta sannan na daina yi mata kallon makin jarrabawa. Na'urar, wadda ake kira Luminex, tana aiki da wasu ƙananan duwatsu da ido ba ya gani, kusan ɗari a kowane zubi kamar 'ya'yan carbi, kowane iri an shafe shi da tsaga guda. A zuba ruwan jinina a kansu, makamin da ya ga tsagarsa ya manne, a ƙara wani rini mai ƙyalli da ke bin makaman, sai hasken leza ya auna yadda kowane dutse ke ƙyalli. Lambar ƙarfin ƙyalli ce, ba adadin makamai ba. Ɗakin gwajin da muka yi amfani da shi ya ja layinsa a 1,000, abin da ke ƙasa ba ya ƙirga shi. Wani ɗakin a 500 yake ja, wani ya haura 2,000. Ke nan 870 ɗina a wani wuri babu ce, a wani wuri akwai ce. Ga mai koyar da cewa biyu da biyu huɗu ne ko a Sin, wannan ya yi mini ciwo.

Abin da likita ya yi da ita ya fi kama da aikin alƙali. Ya fara neman tarihi: Malam yana da DQ7? Aka duba, ba shi da ita, don haka ba ta hanyar ciki ba ce. Ya duba ko sauran duwatsun da ke ɗauke da DQ7 da danginta sun yi ƙyalli tare, ya tarar ɗaya ne tilo ya ɗaga kai, sauran suna kwance, abin da ya fi kama da hayaniyar na'ura, domin tsagar da ke kan dutse takan lanƙwashe wajen ƙerawa ta kama abin da ba nata ba. Ya kira ɗakin gwajin ya tambaya ko sun sa wa jinin wani sinadari mai suna EDTA kafin su auna, domin akwai wani abin mamaki: makami mai ƙarfi sosai yakan jawo wasu sinadaran jini su lulluɓe shi, rinin ya kasa kama shi, lamba ta fito ƙarama alhali dodo ne a ƙasa. Suka ce sun sa. Sannan ya nemi a haɗa jinina da na Auta ta hanya biyu, ta zomon nan, da wata mai kaifin ido da ake kira fulo, wadda ke gano makami ko da bai kai ya kashe ƙwaya ba. Duka suka fito negatif, T da B. A wannan karon Malam ya san negatif ce ake yi wa hamdala.

Aka kira Auta shi kaɗai aka rufe ƙofa, aka tambaye shi ko wani ya matsa masa, aka ce in ba ya so za su ce wa dangi gwaji ne bai yi ba. Da ya fito ya ce mini, "Yaya, wai har sun ba ni hanyar gudu." Matarsa ce ba ta saki jiki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Aka sa rana, sai na ɓata lissafin da kaina. Saura wata ɗaya na tafi biki garinmu, na tsallake wanki ɗaya, jiri ya kwashe ni a tsakar gida. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti, suka auna suka ga jini ya yi ƙasa, suka rataya leda. Ina jin ana cewa a nemo mai B, bakina ya yi nauyi na kasa cewa a dakata a kira likitana. Su ceto suka yi a ganinsu. Da likita ya ji, ya cire gilashinsa ya goge ya mayar, ya ce duk takardun da muke riƙe da su sun zama tarihi. Makami sabo yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya bayyana, don haka a ɗaga aikin, a jira, a sake komai. Kuɗin gwaji na biyu, sarƙar da na gada wurin mahaifiyarmu ce ta biya shi.

Sabuwar takardar ta zo ranar wata Alhamis. A2 ta haura 14,000, an sake tsokano ta. Babu sabon suna a jerin. DQ7 ta sauka 640. Na ce, "Likita, ta ragu!" Ya ce kada in yi murna da wannan, kamar yadda ba zai so in yi kuka ba da ta nuna 1,050, domin jini ɗaya in aka auna shi sau biyu yana iya ba da bambanci irin wannan. Abin da ya gamsar da shi shi ne jinin da ya harzuƙa A2 bai motsa ta ba. Duk da haka ya rubuta ni cikin masu haɗari sama da na kowa, saboda haihuwa da ƙarin jini, ya ce za a ba ni allurar farko mai ƙarfi da ke kwantar da ƙwayoyin T. Ita ma, na ji daga baya, daga jinin zomo ake yin ta. Ban sake cin naman zomo ba.

Kwana biyu kafin aiki aka sake haɗa jinin a karo na ƙarshe. Negatif. Abin da na fara ji da na farfaɗo shi ne muryar nas tana cewa a canza jakar fitsari ta cika. Shekara biyu rabona da in cika ko kofin shayi.

Gwajin bai ƙare da fiɗa ba. Ko wanda bai da DSA ranar dashe yana iya ƙera sabo daga baya, kuma an fi ganinsa a kan DQ, an fi ganinsa kuma ga masu wasa da magani. Ni da na san halina da kwalin bayan madubi, wannan ya shige ni. Magungunan kwantar da garkuwar jiki ke nan kullum: takrolimus awa 12 tsakani, ƙarfe takwas da ƙarfe takwas, da maikofenolet, da firednisolon da safe. A wata na biyar na yi gudawa kwana uku, kiriyatinin, ma'aunin jini da ke hawa idan aikin ƙoda ya ragu, ya tashi daga 98 zuwa 160. Na tabbatar wa kaina DQ7 ce ta farka. Aka ɗebi jini don DSA, aka kwantar da ni aka gutsuro ɗan silin tsokar ƙodar da allura, aka rina shi ana neman wani tabo mai suna C4d, sawun da makamai ke bari a bangon ƙananan jijiyoyi, da alamun kumburi a cikinsu. Likita ya ce DSA ita kaɗai ba ta isa a ce jiki yana ƙin ƙoda ba, sai an haɗa da abin da tsokar ta nuna. Babu tabon, babu kumburi, babu DSA. Ashe gudawar ce ta ƙafar da ruwan jikina, ta kuma sa takrolimus ya taru fiye da kima, shi kansa in ya yi yawa yana matse ƙoda. Aka sa mini ruwa, aka rage ƙwaya ɗaya, cikin mako lambar ta dawo.

Yanzu shekara uku ke nan. Auta yana kan kekensa, ya ce ɗinkin da aka yi masa a ciki bai kai nasa kyau ba. Malam ya sa ƙararrawa biyu a wayarsa, kuma ko yana masallaci sai ya turo yaro ya tambaya ko na sha. Duk shekara ana sake auna jerin, shi ke zuwa karɓo takardar, ya kuma koyi inda ake dubawa. Ta bana da ya kawo, tun daga zaure ya buɗe ta. Ya duba layin Auta ya ga babu komai, sannan ya kai yatsa saman shafi na uku, inda A2 ke zaune da 9,800.

Ya ce, "Malama, har yanzu ba ki huce ba ke nan."

Na ce ya miƙo mini ruwa, takwas ta yi.